Sandar farfela

Sandar farfela, wadda direbobi da makanikai suka fi kira da farfela kawai, doguwar sanda ce ta ƙarfe mai rami a ciki da ke kwance a ƙarƙashin mota. Aikinta shi ne ɗaukar juyin inji daga akwatin giya zuwa aksul mai juya tayoyi. Ana samun ta a motocin da injinsu ke gaba amma tayoyin baya ne ke tura su, da manyan motocin ɗaukar kaya, da kuma motoci masu ja da tayoyi huɗu, waɗanda aka sani da 4x4. Motar 4x4 galibi farfela biyu gare ta, ɗaya tana zuwa aksul na gaba, ɗayar kuma tana zuwa na baya.

Ko da yake a ido farfela tana kama da bututu kawai, kowace an ƙera ta ne da tsawo, kusurwa da bakin ɗauri na wata mota takamaimai. Saboda haka sunan mota da shekarar ƙirarta ba sa isa a gane wadda za ta maye gurbin wadda ta lalace. Motoci biyu masu suna ɗaya, 'yan shekara ɗaya, suna iya bambanta a farfela idan injinsu, giyarsu ko tsawon jikinsu ya bambanta. Farfelar da ba ta dace ba takan jawo girgiza, ta cinye boris na giya da na aksul, wani lokaci ma ta kwance ta faɗo mota tana cikin gudu.

## Suna

Kalmar farfela aro ce daga kalmar Ingilishi *propeller*. Hausa ba ta da sautin *p* a matsayin baƙi mai zaman kansa, don haka takan mayar da shi *f* a kalmomin aro, kamar a fensir, famfo da fasinja. Haka kuma Hausa ba ta fara gaɓa da baƙaƙe biyu a jere, shi ya sa *pro* ya koma *far*. Da wannan kalma ake kiran farfelar jirgin sama da ta fanka.

A Faransanci, wanda makanikan Nijar, Chadi da Kamaru ke aro daga gare shi, an fi jin kalmar *cardan*, daga sunan masanin lissafin Italiya Gerolamo Cardano. Ana bambanta farfela da gajerun sanduna biyu da ke fita daga difarenshal zuwa kowace taya, waɗanda a gareji ake ce wa shaf. Farfela tana bin tsawon mota, shaf kuwa yana bin faɗinta.

## Tarihi

Abin da ya sa farfela ke iya juyawa a karkace shi ne wata gaɓa mai lanƙwasawa ta kowane ɓangare. Cardano ya yi bayanin irin wannan tsari a ƙarni na 16. A ƙarni na 17 masanin kimiyyar Ingila Robert Hooke ya yi nazarin gaɓar, ya gano cewa idan tana aiki a karkace ba ta mayar da juyi da gudu iri ɗaya, ya kuma nuna cewa gaɓa ta biyu tana iya gyara wannan matsala.

Motocin farko da sarƙa ko bel suke juya tayoyinsu. A shekarar 1898 Louis Renault na Faransa ya ƙera ƙaramar mota mai amfani da sanda a maimakon sarƙa. A Amurka, Clarence Spicer ya sami lasisin mallakar fasaha a 1903 na gaɓar da aka rufe don riƙe mai da hana ƙura shiga, kuma ya fara ƙera ta a garin Plainfield na jihar New Jersey a 1904. Kamfaninsa ne ya koma Dana Corporation a 1946, kuma har yanzu da lambobin Spicer ake kiran girman kuros a ƙasashe da dama. A ƙarshen shekarun 1920 wani injiniyan kamfanin Ford, Alfred Rzeppa, ya ƙirƙiro gaɓa mai ƙwallaye shida da ke mayar da juyi daidai ko tana karkace.

Motar Spyker 60 HP ta ƙasar Holan, ta shekarar 1903, tana cikin motocin fetur na farko masu ja da tayoyi huɗu. Tsarin ya bazu ne bayan motar Jeep ta Yaƙin Duniya na Biyu. Land Rover ta fito a 1948, Toyota ta fitar da BJ a 1951 wadda aka raɗa wa suna Land Cruiser a 1954, sannan Hilux mai ja da tayoyi huɗu ta zo a 1979.

## Sassa

* Bututu. Shi ne jikin farfela. Yawanci na ƙarfe ne, wasu na alminiyam. Ana barin cikinsa da rami domin bututu mai faɗi ya fi sanda cikakkiya mai nauyi ɗaya da shi jure murɗawa.
* Kuros. Ƙarfe ne mai hannuwa huɗu kamar alamar tarawa. Kowane hannu yana da hula, a cikin hular akwai siraran allurai na ƙarfe da yake juyawa a kansu.
* Gwafa. Ƙarfe mai kunnuwa biyu da ke riƙe hannuwa biyu na kuros. Kowane kuros yana tsakanin gwafa biyu.
* Filanji. Faifan ƙarfe mai ramukan noti da ake ɗaure farfela da shi a jikin giya ko aksul.
* Mazamiya. Wuri ne mai haƙora dogaye inda ɓangare ɗaya ke shiga cikin ɗaya, don farfela ta iya ƙara tsawo ko ta rage yayin da aksul ke hawa da sauka.
* Boris na tsakiya. Ana samun sa a farfela mai gida biyu. Yana zaune cikin roba, an ɗaure shi a jikin casis.
* Ƙarafan balansi. Ƙananan faranti ne da aka manna da walda a jikin bututu don daidaita nauyinsa.

## Gudu, ƙarfi da kusurwa

Farfela ta fi taya saurin juyawa, domin difarenshal ne ke rage gudun kafin ya isa taya. Misali, taya mai lamba 265/65R17 kewayenta ya kai kusan mita 2.44, don haka a gudun kilomita 100 cikin awa ɗaya tana juyi kusan 680 a minti. Idan ragin aksul 4.1 ne, farfela tana juyi kusan 2,800 a minti. A irin wannan gudu ɗan lanƙwasa da ido ba ya gani ya isa ya girgiza mota gaba ɗaya.

Ƙarfin murɗawar da take ɗauka shi ma ya zarce wanda inji ke bayarwa, saboda giya tana ninka shi. A mota 4x4 akwai ƙaramar giya ta musamman da ke sake ninka shi. A akwatin NP231 na motocin Jeep ninkin 2.72 ne, a samfurin Rubicon kuwa ya kai 4. Wannan ne dalilin da ya sa kuros yakan karye a yashi, laka ko hawan dutse, inda mota ba ta gudu sam.

Kuros guda da ke aiki a karkace yana sa ɓangaren da yake juyawa ya ƙara gudu ya rage sau biyu a kowane juyi. A kusurwar digiri 10 bambancin kusan kashi 1.5 cikin ɗari ne sama da ƙasa. A digiri 30 yana kaiwa kusan kashi 15 cikin ɗari. Ana soke wannan ne da kuros na biyu a ɗaya ƙarshen, bisa sharaɗi biyu: kusurwoyin biyu su yi daidai da juna, sannan kunnuwan gwafar da ke ƙarshen bututu biyu su kasance a layi ɗaya. Ƙa'idar da aka saba bi ga motocin titi ita ce kusurwar aiki kada ta wuce digiri 3, bambancin ta gaba da ta baya kada ya wuce digiri 1, kuma kada ta zama sifili, don allurai su riƙa motsi suna yaɗa giris.

Tsawo ma yana da iyaka. Kowace sanda tana da gudun da idan ta kai shi takan fara lilo kamar igiya. Wannan gudu yana raguwa sosai da ƙaruwar tsawo: idan aka ninka tsawo sau biyu, yana komawa kashi ɗaya cikin huɗu. Shi ya sa motoci masu dogon jiki ake yi musu farfela mai gida biyu da boris a tsakiya, ko bututu mai faɗi.

## Farfela a mota 4x4

A mota 4x4 akwai akwatin raba ƙarfi a bayan giya, wanda makanikai ke kira tiransifa. Daga gare shi farfelar gaba da ta baya ke fita. Ta gaba yawanci gajera ce, tana aiki a kusurwa mai tsanani, kuma tana wucewa kusa da salansa da ƙasan inji.

Akwai tsari iri biyu. A na farko, kamar na yawancin Hilux da Land Cruiser 70, tayoyin baya ne ke aiki kullum, direba ne ke shigar da na gaba idan ya ga buƙata. Idan aka bar su a shige a kan kwalta, farfelun biyu sukan ɗaure da juna a kwana, domin tayoyin gaba da na baya ba sa yin tafiya ɗaya, kuma wannan yana gajiyar da kuros da tiransifa. A tsari na biyu, kamar na Land Rover Defender da yawancin Land Cruiser 100, akwai difarenshal na tsakiya, kuma farfelun biyu suna juyawa a kowane lokaci.

## Ire-ire

1. Mai kuros biyu, ɗaya a kowane ƙarshe. Ita ce mafi sauƙin gyara.
2. Mai tagwayen kuros. A ƙarshe ɗaya, galibi wajen tiransifa, akwai kuros biyu a haɗe da ƙwallon da ke raba kusurwa biyu daidai a tsakaninsu. Ta dace da gajeriyar farfela mai kusurwa babba.
3. Mai gaɓar Rzeppa, wadda aka fi sani da CV. Ba ta girgiza, amma rayuwarta ta dogara ga robar da ke rufe giris ɗinta. Jeep Wrangler JK, ta 2007 zuwa 2018, da irin wannan ta fito.
4. Mai gida biyu, da boris na tsakiya.
5. Mai robar haɗi, inda zoben roba mai kauri ke maye gurbin kuros guda don rage ƙara.

## Alamomin lalacewa

Kuros da ya bushe yakan yi ƙara siririya mai bin juyin farfela idan mota tana tafiya a hankali. Idan ya ci sosai, ana jin ƙwanƙwasa lokacin sa giya, ko lokacin da aka saki totur aka sake takawa. Jan ƙura mai kama da tsatsa a bakin hular kuros alama ce ta cewa alluran ciki sun niƙe. Boris na tsakiya da ya mutu yana gurnani, idan kuma robarsa ta yage ana jin bugu a ƙasan mota lokacin tashi.

Girgizar farfela ta bambanta da ta taya. Ta taya ana iya jin bugunta ɗaya bayan ɗaya, kuma ta fi fitowa a sitiyari. Ta farfela ta fi ta sauri sau uku zuwa huɗu, ana jin ta kamar ruri a dandamalin mota da kujera, madubi yana rawa. A motar da ake iya buɗe makullin tayoyin gaba, farfelar gaba ba ta juyawa idan an buɗe su kuma ba a shigar da 4x4 ba. Idan girgizar ta ci gaba a haka, ba daga ta gaba take ba.

Ana duba kuros ne mota tana kan fili, an tare tayoyi, giya tana firi don kada nauyi ya danne farfela. Sai a riƙe ɓangarorin biyu a murɗa su saɓanin juna, a kuma ɗaga sama da ƙasa. Kuros mai lafiya ba ya wasa ko kaɗan.

## Gyara ko canji

Ba kowace matsala ce ke buƙatar sabuwar farfela ba. Idan kuros ne kawai ya ci, kuma da zoben kulle aka riƙe hulunansa, ana cire shi a sa sabo. Boris na tsakiya ma ana canza shi shi kaɗai. Amma wasu farfelun zamani an danne bakin gwafarsu a kan hula tun daga masana'anta, babu zoben kulle, kuma kamfani gaba ɗayanta yake sayarwa.

Canjin farfela baki ɗaya yana zama dole idan bututu ya lanƙwashe, ya lotsa ko ya murɗe, idan haƙoran mazamiya sun ci har tana lilo gefe, ko idan ramin kunnen gwafa ya buɗe har hula tana juyawa a cikinsa.

## Zaɓen wadda ta dace

### Lambar mota da lambar kaya

Matakin farko shi ne lambar casis, wato VIN, mai haruffa da alƙaluma 17, wadda ba a sa I, O da Q a cikinta don kada a rikita su da 1 da 0. Motocin da aka ƙera don kasuwar cikin gida ta Japan sukan zo da gajeriyar lamba mai farawa da lambar samfuri. Da waɗannan lambobi ake gano ainihin lambar farfela a kundin kayan kamfani.

A motocin Toyota lambar samfuri tana kan farantin da ke jikin ƙofa ko cikin gidan inji. A Hilux ta 2005 zuwa 2015, KUN25 tana nufin injin dizal 2.5 mai 4x4, KUN26 dizal 3.0 mai 4x4, TGN26 kuma fetur 2.7 mai 4x4, alhali KUN15 da KUN16 tayoyin baya kaɗai suke ja. Lambar kayan Toyota alƙaluma goma ce, biyar na farko suna nuna irin kayan: 37140 farfelar gaba, 37110 ta baya, 37230 boris na tsakiya, 04371 kuros. Biyar na ƙarshe su ne ke bambanta mota da mota, kuma su ne ya kamata a kwatanta.

Abubuwan da ke canza farfela a mota mai suna ɗaya sun haɗa da:

* Tazara tsakanin tayoyin gaba da na baya. A jerin Land Cruiser 70, samfurin 76 yana da milimita 2,730, samfurin 78 yana da 2,980, samfurin 79 kuma 3,180. Farfelar bayansu ba tsawo ɗaya ba ce.
* Giya. Otomatik da manuwal sau da yawa ba su da tsawo ɗaya, don haka tiransifa yana matsawa gaba ko baya. Idan ya matsa baya, farfelar baya ta gajarta, ta gaba ta tsawaita.
* Tsarin aksul na gaba. Land Cruiser 100 da 105 jikinsu iri ɗaya ne a ido, amma 105 tana da aksul ɗin gaba guda ɗaya mai hawa da sauka gaba ɗayansa, 100 kuwa difarenshal ɗinta na gaba a ɗaure yake a casis.
* Kasuwar da aka yi wa motar. Tacoma, wadda ta maye gurbin Hilux a Amurka daga 1995, mota ce dabam, kuma ba a ɗauka kayanta za su shiga Hilux don kawai sun yi kama.

### Awo

Lambar casis tana faɗin yadda mota ta fito daga masana'anta ne kawai. Tsohuwar motar da aka canza wa inji, giya, aksul ko sifirin, sai an auna ta. Ana awon ne mota tana tsaye a kan tayoyinta a fili, da nauyin da ta saba ɗauka. Idan aka auna ta tana rataye a jak, aksul ya sauka, awon zai fito da tsawo fiye da kima.

Idan ƙarshen biyu filanji ne, ana aunawa daga fuskar filanjin tiransifa zuwa fuskar filanjin aksul. Idan gwafa ce, daga tsakiyar kuros zuwa tsakiyar kuros. Inda gwafar ke zamewa cikin bakin tiransifa, ana tura ta har ƙarshe, a jawo ta waje kimanin santimita 2 zuwa 2.5, sannan a auna. Abin da ake nema shi ne mazamiya ta kasance da sauran wurin shiga da na fita. Farfelar da ta yi tsawo takan ƙure idan mota ta faɗa rami, ta daki tiransifa har ta iya fasa gidansa. Wadda ta yi gajarta takan rage kamun haƙora, ta iya zarewa idan aksul ya sauka.

### Bakin ɗauri

A filanji ana duba yawan ramuka, tazarar da ke tsakaninsu a tsaye da a kwance, girman noti, da faɗin zoben tsakiya da ke zaunar da filanji a daidai cibiya. Wannan zobe shi ke daidaita farfela, ba notuna ba. Filanjin da aka buɗa wa ramuka don notuna su shiga zai ɗauru, amma zai iya juyawa a gefen cibiya. A gwafa mai zamewa ana ƙirga haƙora, a auna faɗin wurin da sil ɗin mai ke kamawa.

### Girman kuros

Ana gane kuros da abu uku: faɗin hula, tsawo daga hula zuwa hula, da inda zoben kulle yake, ciki ko waje. A ma'aunin Spicer, wanda aka fi samu a motocin Amurka:

* 1310: hula milimita 27, tsawo kusan 82
* 1330: hula milimita 27, tsawo kusan 92
* 1350: hula milimita 30.2, tsawo kusan 92
* 1410: hula milimita 30.2, tsawo kusan 106

Daga nan za a ga cewa 1330 da 1350 tsawonsu ɗaya, hula ce ta raba su, don haka awo da tef bai wadatar ba, sai da ma'aunin baniya. Motocin Japan suna da nasu girma, kuma da yawansu zoben kullensu a ciki yake.

### Motar da aka ɗaga

Ɗaga mota don sa manyan tayoyi yana ƙara nisa da kusurwa tsakanin tiransifa da aksul. Mota mai gajeren jiki ta fi jin haka, domin farfelarta gajera ce. Jeep Wrangler TJ, ta 1997 zuwa 2006, misali ce da aka sani: idan an ɗaga ta sosai, akan maye gurbin gwafa mai zamewa ta bakin tiransifa da kafaffiya, a sa farfela mai tagwayen kuros wadda mazamiyarta ke jikinta.

Sauya irin farfela yana sauya saitin aksul. Mai kuros biyu tana buƙatar bakin difarenshal da bakin tiransifa su kasance a kusurwa iri ɗaya, wato layukansu su tafi a jere kamar layin dogo ba tare da ɗaya ya karkata daga ɗaya ba. Mai tagwayen kuros kuwa tana buƙatar bakin difarenshal ya ɗaga ya kalli tiransifa kai tsaye, a bar shi ƙasa da digiri 1 zuwa 2 a mota mai sifirin falle-falle, domin aksul yakan ɗan juya sama idan an taka totur. Sabuwar farfela mai tsada za ta ci gaba da girgiza idan ba a gyara wannan kusurwa ba.

## Sabuwa, ta hannu da haɗin gida

Farfelar kamfani da aka samo ta lambar kaya ita ce mafi tabbas ga motar da ba a sauya mata komai ba, amma ta fi tsada. Akwai kuma sababbi na wasu kamfanoni, masu inganci daban-daban.

A Afirka ta Yamma, inda Hilux da Land Cruiser ke aikin jigila, asibiti, noma da tafiyar hamada, kayan hannu da ake shigowa da su, waɗanda ake kira tokumbo ko Beljiyam, su ne da yawa ke saya. Ana samun su a kasuwanni irin su Ladipo a Legas, Ƙofar Ruwa a Kano, Panteka a Kaduna da Suame Magazine a Kumasi. Irin waɗannan kaya sau da yawa ba su da lamba a jiki, don haka akan je da tsohuwar farfela a jera su. Abin dubawa shi ne tsawo a rufe da a buɗe, ramukan filanji, lotsawa a bututu, wasa a kuros da mazamiya, sabon ɗinkin walda da aka shafe da fenti, da gurbin ƙarfen balansi da ya ɓalle.

Ana kuma yanke farfela a rage ta ko a ƙara mata tsawo. Aikin yana yin kyau idan an yanke a injin sassaƙar ƙarfe, an daidaita kunnuwan gwafa, an gwada miƙewar bututu bayan walda, sannan an yi balansi a inji. Bututun da aka yanke a tsakiya aka haɗa da walda bisa ƙiyasin ido ba ya jure gudun babbar hanya.

## Ɗaurawa

Kafin a kwance farfela ana tare tayoyi da kyau, domin giyar P ta otomatik ba ta riƙe mota idan babu farfela. A Land Rover Defender birkin hannu ma a bakin tiransifa yake, ba a tayoyi ba. Ana yin alama da fenti a filanji da kuma ɓangarorin mazamiya biyu, don a mayar da su yadda suke. Mazamiyar da aka mayar da kuskuren haƙori ɗaya ko biyu tana ɓata layin gwafa ta jawo girgiza. Wasu motoci, kamar farfelar gaba ta wasu samfuran Land Rover, da gangan aka karkata gwafarsu, don haka alamar masana'anta ake bi.

Ana amfani da notunan farfela na asali, masu ƙarfi na musamman, a ɗaure su da ma'aunin da littafin motar ya faɗa. Bayan ɗaurawa ana gwada mota a hankali, a ƙara gudu sannu a hankali, a gwada 4x4 a kan ƙasa mai laushi, sannan a sake duba notuna bayan ɗan amfani.

## Haɗari

Idan kuros na baya ya karye, farfela takan riƙa dukan ƙasan mota, ta iya yanke bututun birki ko ta huda tankin mai. Idan na gaban farfelar baya ne ya karye, bakinta yana iya caka ƙasa ya ɗaga bayan mota. A tafiyar daji ana iya cire farfelar baya a ci gaba a hankali da tayoyin gaba, matuƙar bakin tiransifa filanji ne. Idan gwafa mai zamewa ce, mai zai zube. A mota mai difarenshal na tsakiya sai an kulle shi kafin ta motsa, kuma tsarin da ke raba ƙarfi da kansa yana iya ƙonewa idan aka tuƙa shi da farfela ɗaya.

## Kulawa

Farfela mai kan giris ana ɗura mata giris na litiyam mai lamba NLGI 2 a kowane kuros har sabo ya fito ta hulunan huɗu. Mazamiya kaɗan ake sa mata, domin idan ta cika maƙil ba ta iya shigewa. Ƙura, yashi da ruwa suna gajarta rayuwar kuros, saboda haka motar da ke bin hanyar karkara tana buƙatar giris akai-akai, musamman bayan ƙetare rafi ko laka da damina. Ana kuma cire ciyawa, waya ko leda da suka nannaɗe a bakin filanji, domin suna yanka sil ɗin mai.

## Duba kuma

* Akwatin giya
* Difarenshal
* Mota mai ja da tayoyi huɗu
* Toyota Hilux
* Toyota Land Cruiser